Babi na Bakwai: Shiru da "E" a Gaban Alƙali

A watan Satumbar 1988 wata kotu a Brisbane, babban birnin jihar Queensland a gabashin Ostireliya, ta yi shari'ar kisan kai da ba ta cinye ko yini guda ba. Wadda ake tuhuma, Robyn Kina, 'yar asalin ƙasar ce, daga cikin mutanen da Turawan Ingila suka tarar a can a 1788, waɗanda ake kira Aborijinawa. Babu gardama a kan cewa ita ta daɓa wa mutumin da suke zaune tare wuƙar da ta kashe shi. Ba ta ba da shaida ba, lauyoyinta kuma ba su kira kowa ya yi magana a madadinta ba. Mutanen da ke taya alƙali yanke hukunci ba su cika awa guda a ɗakin shawara ba suka fito da amsa. Aka yanke mata ɗaurin rai da rai.

Abin da kotun ba ta ji ba shi ne dalili. Mutumin ya daɗe yana lakaɗa mata duka yana yi mata fyaɗe, kuma a ranar da abin ya faru ya yi barazanar auka wa wata yarinya 'yar uwarta da ke zaune tare da su. A dokar jihar, irin wannan bayani na iya sauya hukunci gaba ɗaya, ko ta fuskar kare kai ko ta fuskar tunzurawa. Amma ko kalma ɗaya daga ciki ba ta kai kunnen alƙali ba.

Sai da ta yi shekaru a gidan yari sannan mutanen ƙasar suka ji labarin, kuma daga bakinta suka ji shi. Masu shirya shirye-shiryen talabijin na gidan ABC sun same ta a kurkuku, ta warware musu zare da abawa a gaban kyamara. Hankalin jama'a ya tashi, aka mayar da maganar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jihar. Nan wata tambaya ta taso wadda dole a amsa ta: me ya sa matar da ta iya faɗa wa 'yan jarida komai ta kasa faɗa wa lauyoyin da aka ɗauka don su cece ta? Mai saurin zargi zai ce daga baya ta ƙirƙiro labarin.

Wadda aka nema ta amsa tambayar ita ce Diana Eades, masaniyar harshe da ta yi digirinta na uku a kan yadda Aborijinawan kudu maso gabashin Queensland ke magana da Turanci. Ta zauna da Kina, ta karanta bayanan rantsuwa da lauyoyin farko suka rubuta. Lauyoyin ba mugaye ba ne. Sun je kurkuku, sun zauna, sun yi tambayoyi. A nasu bayanin, sun tarar da mace mai wuyar sha'ani, wadda ba ta son magana, kamar ma ba ta damu da abin da zai same ta ba. A nata ganin kuwa, mutane ne da ke jefo tambaya, kafin ta haɗa amsa sun jefo wata, sannan su tattara takardunsu su tafi. Kowane ɓangare ya tashi yana ganin ɗayan ne bai damu ba.

Dukkansu Turanci suke yi, kuma nan gizo yake saƙar. Da a ce wani yare take ji daban, da an nemo tafinta, kowa ya san akwai shinge a tsakani. Da yake kalmomin iri ɗaya ne, babu wanda ya yi tunanin cewa ƙa'idojin zancen sun bambanta. Eades ta bayyana wa kotu cewa a wurin Aborijinawa da yawa ba a neman muhimmin bayani da tambaya kai tsaye, balle daga baƙon da ba a saba da shi ba, balle kuma a kan al'amarin da ya shafi tsiraicin mace, a gaban namiji. Sai an san juna tukuna. Mai neman bayani yakan faɗi nasa, ya yi hannunka mai sanda, ya jira. Shirun da ke biyo bayan tambaya yawanci somin amsa ne, mutum yana auna maganarsa. 'Yan jaridar da wani ma'aikacin jin daɗin jama'a da ya riƙa ziyartarta sun ba ta lokaci, sun bar ta ta ɗauko labarin daga inda take so. Lauyoyin kuwa suna cike shirun da sabuwar tambaya, suna ganin taimaka mata suke yi.

A watan Nuwamban 1993 kotun ta soke hukuncin, tana mai cewa dalilai na al'ada da na halin da zuciyarta ke ciki da na rayuwarta sun hana ta isar da bayaninta ga lauyoyinta. Ba a sake gurfanar da ita ba. A lokacin ta riga ta kwashe shekara biyar a tsare.

Yaya tsawon shirun da ke tayar wa Bature hankali? Gajere ne ƙwarai. Gail Jefferson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa fannin nazarin hira, ta auna shiru a cikin ɗimbin hirarrakin da aka naɗa, ta ga cewa da an kai kimanin daƙiƙa ɗaya sai wani ya yi wuf ya cike gurbin. Bayan daƙiƙar nan mai tambaya ya fara fassara: ko bai gane ba, ko bai yarda ba, ko yana ƙulla ƙarya. A ɗakin binciken 'yan sanda da cikin kotu, fassara ta ƙarshe ce ta fi saurin zuwa.

Sai dai awo yakan ba masu kuɗin goro kunya. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi a kan harsuna 10 daga nahiyoyi daban-daban, suna auna tazarar da ke tsakanin tambaya mai neman "e" ko "a'a" da amsarta. Matsakaicin tazarar kimanin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa ne. Mutanen Japan, waɗanda littattafan koya wa 'yan kasuwa al'adun duniya suka daɗe suna kwatantawa da masu dogon shiru, su ne suka fi kowa saurin amsawa, kusan babu tazara ko kaɗan. Mutanen Denmak ne suka fi jinkiri, su ma ba su kai rabin daƙiƙa ba. Ashe ɗan bambancin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba shi ne kunne ke kumburawa har a ce wata al'umma miskilai ce, wata kuma ba ta barin mutum ya rufe baki. Wannan a hirar yau da kullum ke nan. Shirun da Eades ke magana a kai na zance mai nauyi ne, kuma yakan ɗauki daƙiƙu masu yawa.

Bayan shiru sai ido. A 2006 wata tawagar masu bincike ƙarƙashin jagorancin Charles Bond ta tambayi mutane a ƙasashe 58 yadda suke gane maƙaryaci. Amsar da ta fi kowace yawa, daga bakin kusan kashi biyu bisa uku na mutanen, ita ce maƙaryaci ba ya iya haɗa ido. Binciken da aka tattara a kan ainihin halayen masu ƙarya kuwa, irin wanda Bella DePaulo da abokan aikinta suka fitar a 2003, bai sami wata alaƙar a zo a gani tsakanin kau da ido da ƙarya ba. Duniya ta haɗu a kan camfi ɗaya. Wanda camfin ya fi cuta shi ne wanda aka yi wa tarbiyyar sunkuyar da kai. Aborijinawa da yawa suna ɗaukar kafe babba da ido a matsayin rashin ladabi, kuma mai karatun da ya tashi a Kano ko Damagaram ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Yaron da ya tsaya gaban mahaifinsa yana zare masa ido ana yi masa faɗa, sunansa mai tsaurin ido. Yaron nan, in ya girma ya je neman biza ya dubi ƙasa don girmama jami'in da ke bayan gilashi, ladabinsa ne zai zame masa abin zargi.

Na ukun ya fi sauran haɗari, domin shi ba a jin sa a matsayin matsala sam. Mutum ne za a tambaya ya ce "e". Kenneth Liberman, wani masanin zamantakewa ɗan Amurka da ya zauna da Aborijinawan hamadar yammacin ƙasar, ya yi rubutu a kan wannan a farkon shekarun 1980: amsa "e" ga duk abin da mai iko ya faɗa, ko an yarda ko ba a yarda ba, ko an gane ko ba a gane ba. Ma'anarta ta fi kusa da "na ji, ba na neman rigima, a bar ni in tafi". Bahaushe ya san irin wannan amsa. Idan hakimi ya gama jawabi talaka ya ce "to, ranka ya daɗe", babu mai hankalin da zai rantse cewa talakan ya gamsu.

Kuskure ne a jingina wannan "e" ga al'ada kaɗai, kamar wata ɗabi'a ce da aka haife su da ita. Tana da tarihi. Tun daga dokar 1897, gwamnatin Queensland na da ikon kwashe Aborijinawa ta tsugunar da su a keɓaɓɓun wurare irin su Cherbourg da tsibirin Palm. Sai da izinin jami'i mutum zai fita, sai da izininsa zai yi aure, kuma albashinsa ma a hannun hukuma yake, ana ɗan tsakura masa. Wasu sassan wannan tsari sun kai har shekarun 1970. Wanda kakansa da ubansa suka rayu a haka ya koyi cewa musu da Bature mai kaki ba ya haifar da ɗa mai ido.

Alƙalai sun farga da wannan tun kafin shari'ar Kina. A 1976, a shari'ar da aka sani da sunan Anunga, Mai Shari'a Forster na Kotun Ƙolin Yankin Arewa na Ostireliya ya shimfiɗa wa 'yan sanda ƙa'idojin yi wa Aborijinawa tambayoyi. A nemo tafinta in ana bukata. A bar wanda ake zargi ya zaɓi wani da ya amince da shi ya zauna kusa da shi. A guji tambayar da ke ɗauke da amsarta a ciki. Sannan idan an gaya masa cewa yana da 'yancin ya yi shiru, kada a tsaya a kan "ka gane?", domin amsar a bayyane take tun kafin a tambaya. A sa shi ya maimaita abin da aka faɗa masa da nasa kalmomin. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ta fi ƙarfin kotu, likita da malamin makaranta ma za su amfana da ita.

A 1992 ƙungiyar lauyoyin Queensland ta buga wani littafin jagora da Eades ta rubuta, wanda ya tattara duk waɗannan abubuwa: shiru, ido, amsa "e", da yadda tambayar "ƙarfe nawa" ko "sau nawa" ke rikita mutumin da ya saba auna lokaci da abin da ya faru maimakon agogo. Tunanin da ke bayan littafin mai kyau ne, kuma shi ne tunanin da ke bayan kusan duk wata bita da ake shirya wa ma'aikata a kan fahimtar al'adun juna: jahilci ne ke kawo saɓani, in aka ilimantar da mutane za a zauna lafiya. Ba a yi shekara uku ba wata shari'a ta gwada wannan tunani.

Daren 10 ga Mayun 1994, bayan sha biyun dare, 'yan sanda shida suka tarar da wasu yara Aborijinawa uku, masu shekara 12 da 13 da 14, a unguwar Fortitude Valley da ke tsakiyar Brisbane. Suka sa su a motoci uku, kowane yaro a mota daban. Ba su kai su caji ofis ba, ba su tuhume su da wani laifi ba. Suka yi tafiyar kilomita 14 da su zuwa Pinkenba, wani kangon fili na masana'antu kusa da bakin kogi, suka sauke su cikin duhu, suka juya. Yaran sun ce har takalmansu aka sa suka cire. Hukumar da ke sa ido kan harkokin shari'a a jihar ta yi bincike, aka tuhumi 'yan sandan da tauye wa yaran 'yancin walwala ba bisa doka ba.

A watan Fabrairun 1995 aka zauna gaban majistare don a duba ko akwai hujjar da ta isa a kai su babbar kotu. 'Yan sandan ba su musa ɗaukar yaran ba. Duk shari'ar ta rataya a kan abu guda: tilasta musu aka yi, ko da son ransu suka shiga motocin? Lauyoyin da ke kare 'yan sandan, manyan lauyoyi biyu ƙwararru, suna bukatar kalma ɗaya tak daga bakin yaran.

Daga baya Eades ta yi shekaru tana nazarin faifan zaman da aka naɗa, har ta fitar da littafi sukutum a kansa a 2008. Abin da faifan ya nuna ba ya da daɗin ji. Lauya zai ce wa yaro ya san ba dole ba ne ya shiga motar, ko ba haka ba? Yaron ya ce cewa aka yi su shiga. Lauya ya ɗaga murya ya maimaita. Yaron ya yi shiru. Lauya ya sake maimaitawa, da tsawa, har yaron ya ce "e". Wani lokaci ma yaron kan amsa "e" tun lauya bai ƙarasa tambayar ba, wanda shi kaɗai ya isa ya nuna cewa ba tambayar yake amsawa ba. Idan yaro ya yi shiru, sai a fassara wa kotu shirun yadda ya dace da masu kariya. Idan ya kau da kai, a umarce shi ya ɗago ya dubi mai tambaya. Aka tono tsofaffin laifuffukan yaran na sace-sace aka baje a gaban kotu, har mai sauraro ya rasa wa ake tuhuma. A ƙarshe majistare ya ce babu isasshiyar hujja, ya sallami 'yan sandan, ya kuma yi wa yaran kaca-kaca a cikin hukuncinsa. Aborijinawa suka fito zanga-zanga a titunan Brisbane. Aka nemi babbar kotu ta sake duba matakin majistaren, a 1996 ta bar shi yadda yake.

Ga abin da ya sa wannan shari'a ta shiga wannan babi. Eades ta ba da labarin cewa littafin jagorar nan nata yana ajiye a kan teburin lauyoyin da ke kare 'yan sandan, a fili, kowa na gani.

Ba jahilci ne ya yi aiki a Pinkenba ba. Littafin da ya gargaɗi lauya cewa yawan maimaita tambaya da tsawa zai sa shaida ya ce "e" ba da niyya ba, shi ne kuma ya nuna wa mai neman "e" ɗin hanyar samunta. Eades da kanta ta sauya akalar bincikenta bayan wannan. Ta daina tsayawa a kan bambancin salon magana kawai, ta koma tambayar wa ke da iko a ɗakin, wa ke yin tambaya, wa aka hana ya ba da labarinsa a jere, kuma wa ke cin ribar rashin fahimtar. A shari'ar Kina lauyoyin sun so su ji, ba su san yadda ake ji ba. A Pinkenba an san komai. Masu shirya bitar al'adu ba su cika son wannan ɓangare na labarin ba, domin ba ya shiga cikin jadawalin "yi kaza, bar kaza" da ake raba wa mahalarta.

Akwai kuma wani rami a ɗaya gefen, wanda masu kyakkyawar niyya suka fi faɗawa. Kafin zuwan Turawa ana magana da harsuna sama da 250 a Ostireliya. A yau akwai Aborijinin da Turanci shi ne harshensa na uku ko na huɗu, yana zaune a ƙauyen da ke nesa da kowane gari, akwai kuma wanda aka haifa a Sidni, lauya ne ko malamin jami'a, wanda zai dubi alƙali ido cikin ido ya ce masa "a'a". Alƙalin da ya haddace cewa "Aborijini ba ya musu" zai iya yin watsi da "e" ɗin wannan na biyun alhali da gaske yake, ya mayar da babban mutum yaro da sunan tausayi. Bayanin al'ada na da amfani muddin yana sa mai sauraro ya dakata ya ƙara bincike a kan mutumin da ke gabansa. Da zarar ya zama amsa da aka riga aka tanada, ya koma irin kuɗin goron da aka rubuta shi don ya kawar, sai dai wannan karon da hatimin masana a jikinsa. Eades ta sha nanata cewa ba duka Aborijinawa ke magana iri ɗaya ba, amma irin wannan gargaɗi shi ne ke fara zubewa idan aka taƙaita littafi zuwa shafi guda.

Pinkenba ba ta tafi a banza ba. A 1996 hukumar da ta binciki 'yan sandan ta fitar da rahoto na musamman a kan halin da shaidu Aborijinawa ke shiga a kotunan jihar. A 2000 Yankin Arewa ya kafa hukumar tafintoci ta harsunan Aborijinawa. A 2002 aka buɗe kotun Murri a Brisbane, inda dattawan al'umma ke zama tare da majistare, a yi magana da mai laifi cikin harshen da yake ganewa, a bar shi ya yi shirunsa ya gama kafin ya amsa. Sai dai wannan kotu ta wanda ya riga ya amsa laifinsa ce, hukunci kawai ake tattaunawa. Wanda ya ce bai aikata ba, da shaidan da aka kira, har yanzu ta hannun lauya mai tambayoyin ƙure za su bi. Gwamnatin jihar ta janye wa kotun Murri kuɗi a 2012, wata gwamnatin ta dawo da ita a 2016. Aborijinawa da mutanen tsibiran Torres, su ma 'yan asalin ƙasar, ba su kai kashi 4 cikin 100 na al'ummar Ostireliya ba, amma kimanin ɗaya cikin kowane fursunoni uku manya a ƙasar daga cikinsu yake.